Me ya sa masu hawa manyan duwatsu ke mutuwa duk da shiri da kayan aiki?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ne ya ɗauko wata sabga ta hawan dutse, har ya biya kuɗin tafiya Kilimanjaro a Tanzaniya, kuma yana cewa in ya dawo sai Nepal, har Everest yake ambata. Ni kuma na ga bidiyon gawarwaki a kan dutsen nan, hankalina ya tashi. Shi yana ce min zamani ya canza, akwai oksijin, akwai 'yan jagora, akwai helikwafta, wai masu mutuwar marasa shiri ne, shi kuwa ɗan ƙwallo ne lafiyayye. Dan Allah gaskiya ne? Me yake kashe mutane a can, kuma in hana shi ne ko in ƙyale shi?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. In na fahimce ki abu biyu kike son sani, ko shiri da kuɗi da ƙarfin jiki sun isa su raba mutum da hatsarin dutse, sannan ko wannan tafiya da ya biya ta kai a tsaya masa a gaba. Toh ƙanenki yana da rabin gaskiya, kayan aiki da hasashen yanayi sun gyaru ƙwarai ba kamar shekarun baya ba. Amma maganar wai marasa shiri ne kawai ke mutuwa, wannan ba haka bane sam, cikin waɗanda suka rasu a manyan duwatsu akwai ƙwararrun da suka fi kowa sanin aikin a zamaninsu.

Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe ina raka ayarin masu hawa a Kilimanjaro da dutsen Kenya da wasu duwatsun Nepal masu tsayin mita dubu shida da ɗoriya. Ban taɓa hawa sama da mita 8,000 ba, don haka abin da zan faɗa kan Everest da K2, duwatsu biyu mafi tsayi a duniya, daga abin da aka tabbatar aka rubuta ne da kuma bakin 'yan ƙabilar Sherpa ta Nepal, masu aikin jagora da dako a duwatsu, da na yi aiki tare da su. Na Kilimanjaro kuwa abin da idona ya gani ne.

Matsalar farko iska ce

Mutane suna ɗauka sanyi ne ko faɗuwa babban abin tsoro, alhali tushen yawancin matsalolin ƙarancin iskar da ke shiga jini ne. Duk yadda mutum ya ƙara sama nauyin iska yana raguwa, a wajen mita 5,500 abin da numfashi ɗaya ke kawo wa jiki na oksijin kusan rabin na bakin teku ne, a ƙololuwar Everest kuwa, mita 8,849, kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Daga mita 8,000 zuwa sama jiki ba ya iya sabawa ko da mutum zai shekara, lalacewa kawai yake yi sa'a bayan sa'a, abinci ba ya narkewa, barci ba ya yiwuwa, shi ya sa masu hawa suke kiran wurin yankin mutuwa. Ga sanyi da ke ƙaruwa da kusan digiri shida da rabi a duk mita dubu.

Ƙasa da haka jiki yana sabawa amma sai an ba shi lokaci, kwanaki, yana ƙara numfashi, ƙoda tana gyara jini, daga baya jajayen ƙwayoyin jini su ƙaru. In aka yi masa gaggawa sai ciwon tsauni ya zo. Ƙaraminsa ciwon kai ne da tashin zuciya da rashin cin abinci da rashin barci, wannan mutane da yawa suna ɗanɗanawa kuma ba ya kisa in an tsaya an huta. Manyan guda biyu su ne masu kisa. Ɗaya ruwa ne ke taruwa a huhu, mutum yana zaune amma yana haki kamar ya yi gudu, tari ya fara a bushe daga baya ya koma mai kumfa har da jaja-jaja, leɓe ya yi duhu, in ka kasa kunne da dare daga tantin da ke kusa za ka ji ƙirjinsa yana ɓurɓur. Ɗayan kuma ƙwaƙwalwa ce ke kumbura, mutum ya fara tangaɗi, magana ta rikice, ya yi ta gardama ko ya yi shiru ya ce a bar shi ya kwanta, in ba a sauko da shi ba daga nan sai suma. Akwai magunguna, deksametason na kumburin ƙwaƙwalwa, nifedifin na huhu, akwai wata jaka da ake sa mutum a ciki a hura mata iska, amma duk sayen lokaci ne, maganin gaskiya saukowa ne nan take ko da tsakar dare ne.

Yanzu ga inda maganar ƙanenki ta ƙwallo ta faɗi. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tsauni. Yana taimakawa wajen jure tafiya, wannan gaskiya ne, amma yadda jikin mutum ke karɓar ƙarancin iska abu ne daban, kuma babu wani gwajin asibiti da zai faɗa maka tabbas tun daga gida cewa kai ka tsira. Ni a aikina samari majiya ƙarfi sun fi ba ni wahala, saboda suna da ƙarfin da za su yi sauri su wuce abin da jikinsu ya saba da shi, dattijuwar da ke jan ƙafa a baya kuwa ba ta ma iya yin wannan kuskuren.

Wani dare a sansanin Barafu, inda ake tashi wajen sha biyun dare a nufi ƙololuwar Kilimanjaro, akwai wani matashi da tun farkon tafiya shi ne a gaba kullum. Muna shiri na haska shi da tocila na ga yana ta fama da zif ɗin rigar sanyinsa, ya kama ya saki, ya kama ya saki, fuskarsa ba damuwa ko kaɗan kamar wanda ke wasa da shi. Na ja layi da sandata a ƙasa na ce ya bi shi, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar. Taku na uku ya yi gefe sai da ɗan jagora ya tare shi. Kinsan me ya ce? Lafiyarsa ƙalau, dutse ne ya taka, kuma ya biya kuɗinsa babu mai hana shi. Da gaske yake har cikin zuciyarsa. Aka ba shi magani aka saukar da shi a daren da mutum biyu riƙe da shi, da gari ya waye a ƙasa ya dawo hayyacinsa, rabin abin da ya faɗa bai ma tuna ba.

Wanda zai yanke hukunci shi ne marar lafiyar

Wannan shi ne abin da nake so ki riƙe cikin duk bayanin nan. A sama, ƙwaƙwalwar da za ta ce a ci gaba ko a juya ita ce ta farko da ƙarancin iska ke taɓawa, kuma ba ta sanin an taɓa ta. Kamar direban da ya kwana yana tuƙi ne, kowa a motar ya ga yana gyangyaɗi amma shi ya rantse idonsa biyu. Ƙara da cewa mutum ya zuba dukiya, ya yi wata biyu a kan dutse, ya sanar da duniya zai hau, ga ƙololuwa can yana hango ta, juyawa a wannan lokacin yana daga cikin abu mafi wuya.

Abin da ya faru a Everest ranar 10 ga Mayun 1996 ya ishe mu misali. Rob Hall ɗan New Zealand da Scott Fischer ɗan Amurka, dukansu ƙwararru ne da suka san dutsen, kowa da ayarinsa na masu biya, kuɗin mutum ɗaya ya kai dala 65,000. Ƙa'idar da aka sani ita ce in ƙarfe biyu na rana ta yi ba ka kai ba, ka juya duk kusancinka, saboda oksijin ɗinka da hasken rana lissafe suke. Ranar an samu jinkiri, igiyoyin da ya kamata a ɗaura tun da wuri a wasu wurare ba a ɗaura ba, mutane suka taru suna jira. Wasu mutum uku a ayarin Hall suka duba agogo suka juya, kuma sun rayu. Shi Hall ya tsaya jiran Doug Hansen, ma'aikacin gidan waya da shi Hall ɗin ya juyar da shi dab da ƙololuwa a shekarar da ta gabata, sai wajen ƙarfe huɗu Hansen ya iso sama a galabaice. Guguwa ta taso da yamma, oksijin ya ƙare, dare ya yi. Hansen ya rasu, Hall ya kwana a fili kusa da ƙololuwa, washegari aka haɗa shi ta rediyo da matarsa mai juna biyu a gida suka yi magana, daga nan bai sauko ba. Fischer ma ya rasu a hanyar saukowa. Mutum takwas suka tafi a wannan guguwa, har da 'yan sandan kan iyaka na Indiya uku a ɓangaren arewa.

Ni ban ganin Hall a matsayin sakarai, tausayi ne ya riƙe shi, mutumin da ya dawo karo na biyu da guminsa ta yaya za ka sake ce masa ya juya? Amma ƙa'idar ƙarfe biyu an kafa ta ne a ƙasa lokacin da kai ke aiki daidai, don kada a sake tattauna ta a sama. 'Yan kwanaki kafin wannan ranar wani ɗan Sweden, Göran Kropp, wanda ya tuko keke tun daga ƙasarsu har Nepal, ya kai dab da ƙololuwa ya ga lokaci ya ƙure ya juya. Ya huta, ya sake komawa a cikin watan ya hau lafiya. Duk wanda ya san aikin nan ya fi girmama juyawar tasa a kan hawan.

Kuma ki lura mace-macen nan na 1996 duk a saukowa suka faru. Wani bincike da mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa a 2008, wanda ya bi mace-macen Everest daga 1921 zuwa 2006, ya nuna yawancin masu hawan da suka rasu sama da mita 8,000 a hanyar dawowa daga ƙololuwa suka rasu, kuma da yawansu an ga alamun rikicewar tunani da tangaɗi da matsananciyar gajiya kafin nan. Mutum ya ƙarar da duk ƙarfinsa wajen hawa, ya ɗauki hoto, sannan ya tuna rabin tafiya ya yi.

Abin da shiri ba ya hanawa

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu mutum na da hannu a ciki, zai iya ragewa da haƙuri da ƙa'ida. Akwai kuma wani kaso da babu ruwansa da ƙwarewarka. A hanyar Everest ta Nepal, daga sansanin ƙasa mai tsayin mita 5,364 dole a ratsa wani gangaren ƙanƙara da ake kira Khumbu, ƙanƙara ce mai motsi a hankali kullum, ta tsattsage ta yi ramuka masu zurfi da ake ɗora tsani a kansu a taka a wuce, ga wasu gingima-gingiman ƙanƙara masu tsayin bene a tsaye a kanka, babu wanda zai ce maka yau za su faɗi ko baɗi. Dabarar kawai ita ce a shiga da tsakar dare lokacin da sanyi ya ɗaure komai, a yi sauri a fita. Ranar 18 ga Afrilun 2014 wata ƙanƙara ta ɓallo daga sama da sassafe ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16, yawancinsu Sherpa, suna ɗauke da kayan masu biya. Babu kuskuren da suka yi. Shekara ɗaya bayan nan, 25 ga Afrilun 2015, girgizar ƙasar Nepal ta zaftaro dusar ƙanƙara daga dutsen Pumori ta afka wa sansanin ƙasa kansa, wurin da kowa ke ɗauka nan ne tudun mun tsira, kusan mutum 20 suka rasu, wasu suna cikin tantinsu.

A K2 da ke Pakistan, mita 8,611, akwai wani matsattsen wuri a sama da mita 8,000 da dole a bi ta ƙarƙashin wata katangar ƙanƙara mai rataye. Farkon Agustan 2008 ayari daga ƙasashe daban-daban suka makara wajen hawa, suna saukowa cikin duhu katangar ta ɓalle ta tafi da igiyoyin da suka dogara da su, mutum 11 suka rasu. Nan kinga yadda abin yake haɗuwa, makara kuskuren mutum ne, ɓallewar ƙanƙara kuwa ba ta hannun kowa, sai su biyun suka gamu a sa'a ɗaya. Yawancin manyan hatsarori haka suke, ƙananan abubuwa ne da kowannensu shi kaɗai ba zai kashe ba, igiya ba ta isa ba, rediyo ya mutu, wani ya jefar da safar hannu, girki ya makara ba a sha isasshen ruwa ba, sai su jeru.

Kada ƙanenki ya ce ai wannan na masu hawa ƙololuwa ne. A Oktoban 2014, watan da ake ganin ya fi kowane kyawun yanayi a Nepal, ragowar guguwar teku ta Hudhud daga Indiya ta sauke dusar ƙanƙara a hanyar zagaye dutsen Annapurna, wajen mashigar Thorong La mai mita 5,416, sama da mutum 40 suka rasu, kuma masu tattaki ne da 'yan jagora da 'yan dako, mutane irinsa.

Wani abu da ke ci min rai a nan shi ne wa ke ɗaukar mafi yawan wannan kasadar. Mai biya zai ratsa Khumbu 'yan lokuta kaɗan, Sherpa kuwa zai yi ta kai da kawo ninkin ba ninkin yana kai tanti da tukwanen oksijin da abinci. Bayan hatsarin 2014 abin da gwamnati ta fara yi wa iyalan mamatan tayi rufi 40,000 ne na kuɗin Nepal, wajen dala 400, har ma'aikatan suka fusata suka ajiye aikin shekarar. A Yulin 2023 wani ɗan dako ɗan Pakistan, Muhammad Hassan, ya rasu a wancan matsattsen wuri na K2, aka ga bidiyon mutane suna tsallake shi suna wucewa sama, aka yi ta muhawara kan ko ana iya cetonsa. Sauƙin da masu biya ke gani yanzu, wanda ƙanenki ke kira zamani ya canza, wani ɓangarensa mayar da hatsarin aka yi kan talakan da ke neman abincin 'ya'yansa.

Oksijin, layi da helikwafta

Oksijin na tukunya yana taimakawa sosai, yana ɗumama jiki yana gyara tunani, amma awoyi ƙalilan tukunya ke yi gwargwadon yadda aka buɗe ta, bututu na iya daskarewa, kan tukunya na iya yoyo. Wanda ya hau da taimakonsa in ya yanke masa kwatsam a sama halinsa ya fi muni, don jikinsa bai saba ba. Ga kuma maganar cunkoso. Kusan tsawon shekara iska mai ƙarfin gaske ke kaɗa ƙololuwar Everest, sai a watan Mayu kafin damina take lafawa na wasu kwanaki, kowa kuma hasashen yanayi iri ɗaya yake karantawa a wayarsa, sai kowa ya tashi rana ɗaya. Hoton nan da ya zagaya duniya na dogon layi a tsinin dutsen, wani mai hawa ɗan Nepal, Nirmal Purja, ne ya ɗauka a Mayun 2019, shekarar mutum 11 suka rasu. Tsayuwa a layi a can ba hutu bane, oksijin na ƙonewa, yatsu na daskarewa. A 2023 Nepal ta ba da izinin hawa sama da 470, kuma shekarar tana cikin mafi muni a tarihin dutsen. Wato ingancin hasashen ya rage wani hatsari ya haifo wani.

Helikwafta kuwa tana da iyaka. A siririyar iska fukafukanta ba sa samun abin riƙewa, a Everest aikin ceto na yau da kullum bai cika wuce sansani na biyu ba, wajen mita 6,400, kuma in akwai hazo ko iska ko dare ya yi ba za ta tashi ba, alhali a irin wannan lokacin ne ake buƙatarta. Sama da haka mutane ne za su ja ka da hannu, mutanen da su ma da ƙyar suke ɗaga ƙafa. Gawarwakin da kika gani a bidiyo dalilin barinsu kenan, sauko da gawa ɗaya daga can sai an sa rayuwar mutane da yawa cikin hatsari.

Mu dawo kan ƙanenki

Kilimanjaro ba Everest bane, ki sa wannan a ranki. Tsayinsa mita 5,895, a manyan hanyoyinsa tafiya ce da ƙafa babu igiya babu tsani, dubban mutane na hawa duk shekara su dawo lafiya, kuma doka ta hana hawa ba tare da ɗan jagora mai lasisi ba. Ni ba zan ce ki hana shi ba. Amma ana mutuwa a kansa, kuma sauƙinsa ne tarkonsa, don mutum na iya tashi daga mita 1,800 ya kai kusan 6,000 cikin kwana huɗu ko biyar, gudun da babu likitan tsauni da zai yarda da shi. Ƙa'idar da aka sani ita ce in an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare, kuma a riƙa hutun kwana ɗaya bayan kowane kwana uku ko huɗu. Mu kuma ba mu da inda zai saba tun daga gida, Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos wajen 1,200 ce, dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne. Don haka ki tambaye shi kwana nawa ya biya. In biyar ne ta hanyar Marangu saboda ta fi araha, ya ƙara kuɗi ya mayar da ita bakwai ko takwas ta Machame ko Lemosho, wannan kuɗin ya fi duk wani takalmi ko riga da zai saya amfani.

Abu na biyu ya shafe mu mu musamman, kuma kamfanonin can ba kasafai suke tambaya ba: sikila. Ya je ya yi gwajin jini ya san ko AA ne ko AS ko SS ko SC in bai sani ba. Mai SS ko SC babu maganar wannan tafiya kwata-kwata. Mai AS, wanda a ƙasarmu kusan mutum ɗaya ne cikin huɗu ko biyar, yawanci lafiya yake rayuwarsa, amma a tsauni jininsa na iya toshewa a saifa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari wani lokaci har kafaɗa. Ba kowane mai AS ke gamuwa da haka ba, da yawa sun hau sun sauko, amma abin na faruwa, wani ɗan wasan ƙwallon Amurka, Ryan Clark, sai da aka cire masa saifa a 2007 bayan wasa a birnin Denver da ke mita 1,600 kacal. In AS ne ya zauna da likita kafin ya tafi, ya faɗa wa ɗan jagoransa, ya sha ruwa sosai, kuma duk ciwon ciki na hagu ya ɗauke shi umarnin saukowa. A nan iyakata ke nan Hajiya, ban duba shi ba, likitan da ya gan shi ido da ido ne zai yanke wannan, haka ma maganar shan Diamox da ake amfani da shi don taimaka wa jiki sabawa, yana aiki amma yana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsikarar yatsu kuma ba kowa ya dace da shi ba.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya taso daga wajenmu zai iya tafiya da shi a jini ya tashi masa a kan dutse, ciwon kai da amai da kasala duk sun yi kama da ciwon tsauni, sai a yi ta jira ya saba alhali maleriya ce ke cinsa. In akwai zafin jiki da rawar ɗari a sauko a gwada. Kuma kada ya haɗa hawan da azumi, jiki na zubar da ruwa ta numfashi kawai a wannan busasshiyar iska fiye da yadda mutum ke zato.

In zai ce miki ai ajali in ya zo ko a gado ne, ki ce masa haka ne, amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ɗaurewar a nan ita ce ya yanke hukuncinsa tun yana gida a gabanki: in ɗan jagora ya ce a juya zai juya ba gardama, in ya kasa bin layi a miƙe ko yana haki a zaune zai sauko, in lokacin da aka tsayar ya yi bai kai ba shikenan. Ya faɗi haka ga abokin tafiyarsa ma, ya ba shi izinin ya tilasta masa. Na ga wannan alƙawarin ya yi aiki a kan mutanen da a lokacin ba sa jin maganar kowa, sai a ce masa kai da bakinka ka faɗa, sai jikinsa ya yi sanyi ya bi.

Maganar Everest kuwa ki bar ta tukuna kada ku ɓata a kanta yanzu, izinin hawa kaɗai dala 15,000 ne tun daga Satumban 2025, banda kuɗin kamfani da ya ninka haka, kuma duk mai hankali sai ya yi shekaru yana hawa na mita 6,000 da 7,000 yana koyon igiya da tafiya kan ƙanƙara kafin ya tunkare shi. Da yawa Kilimanjaro ke ba su amsar ko jikinsu na son tsauni ko ba ya so.

Kafin ya tashi ya rubuta wa kamfanin ya tambaye su ko suna tafiya da tukunyar oksijin ta gaggawa da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa a auna iskar jini safe da yamma, 'yan jagora nawa ne ga mutum nawa a daren ƙololuwa, don in mutum ɗaya ya kasa dole a samu mai sauko da shi ba tare da an bar sauran su kaɗai ba, sannan yaya suke sauko da marar lafiya. Ya tambayi nauyin da suke ɗora wa 'yan dako, ƙa'ida kilo 20 ce, da ko suna ba su rigar sanyi da takalmi da abinci sau uku, kamfanin da ke barin ɗan dako ya hau da silifas ba zai kula da ƙanenki ba ranar da abu ya ɓaci. Inshorar tafiyarsa kuma ya karanta ta da kyau ya ga an rubuta tana aiki har mita 6,000 tare da kuɗin ceto, don da yawansu a mita 3,000 ko 4,000 suke tsayawa, ya bar miki kwafinta da lambar ofishin kamfanin da ranar da ya kamata ya sauko.